Me Ya Sa Gurnanin Janareta Ke Ratsa Bango?

'Yan uwana ɗalibai, in maƙwabci ya tayar da janareta kuka rufe ƙofa da taga, siririyar ƙarar takan ragu, amma gurnanin nan mai kauri yana nan daram, har a ƙirji ake jin sa. Mai karatun dare don jarrabawar WAEC ya san wannan azabar.

Dalilin na cikin littafinku na Fiziks. Sauti na tafiyar kimanin mita 340 a daƙiƙa ɗaya cikin iska. Ƙaramin janareta kan juya sau 3,000 a minti, wato sau 50 a daƙiƙa. Ku raba 340 gida 50, za ku ga tsawon igiyar sautin ya kusa mita 7. Labule ko siririn soso ba su da ta cewa a gaban igiya irin wannan. Kwalin ƙwai da wasu ke mannawa a bango kuwa, wahalar banza ce.

Nauyi ne ke tare ta, shi ya sa katangar bulo ta fi langa-langa. Sai kuma raba injin da ƙasa, domin wani ɓangare na gurnanin ta daɓen siminti yake bi ya hau bango. A ɗora janareta kan roba mai kauri da laushi, ko da tsohuwar taya ce, girgizar da ke isa ƙasa za ta ragu. Amma kada a kuskura a shigar da shi ɗaki ko a rufe shi don rage ƙara: hayaƙinsa na ɗauke da iskar guba marar wari, tana kashe mutum cikin barci.

Injiniyoyi ma da nauyi suke yaƙar girgiza. A birnin Taipei na Taiwan akwai benen Taipei 101, mai tsawon mita 508, wanda aka kammala a 2004. An rataye ƙwallon ƙarfe mai nauyin tan 660 tsakanin hawa na 87 da na 92. In guguwa ta kaɗa benen, ƙwallon kan yi lilo yana ja da baya, wasu bututu masu mai a ƙarƙashinsa su shanye ƙarfin motsin ya koma zafi. Lilon nan ba ya buƙatar lantarki.

Ku gwada a gida: ku sa waya ta yi girgiza a kan teburi, sannan ku shimfiɗa mata ninkakken tawul ku sake saurara.