Sanyi Ba Sunan Cuta Ba Ne

Ka shiga kemis a Kakuri ko Sabon Tasha cikin garin Kaduna ka ce gaɓoɓinka na ciwo. Kafin ka rufe baki an ba ka amsa: sanyi ne. In kai dattijo ne a ƙara da cewa shekaru ne, sai haƙuri. A ƙulla maka haɗin ƙwayoyi a leda, ka kama hanya. Ni dai na daina yarda da wannan amsa, domin na ga abin da ta yi wa goggona.

Abinci take sayarwa a bakin masaƙun Kakuri tun suna cike da ma'aikata. Ba ta fi shekara arba'in ba yatsunta suka fara kumbura, dama da hagu lokaci guda. Da asuba hannun ya sanƙare, sai ta fi awa kafin ta iya riƙe ludayi. Na ce, "Goggo, mu je a duba hannun nan." Ta ce, "Ɗan nan, sanyin damina ne, in rani ya shigo zai tafi." Rani shida ya shigo ya wuce tana shan haɗi. Fuskarta ta cika ta yi tulu-tulu, maƙwabta na yi mata barka da ƙiba, alhali aikin dexamethasone ne da ke cikin ledar. Ciwon suga ya biyo baya, gyambon ciki ya biyo baya. Ranar da ƙwararren likita ya gan ta, yatsun sun riga sun karkace, kuma abin da ya karkace ba ya miƙewa.

Ba sanyi ne ya kama ta ba. Garkuwar jikinta ce ta juya tana cin gaɓoɓinta, cutar da likitoci ke kira rumatoyid. Ta sha bamban da zaizayar gwiwa da ke zuwa da shekaru da nauyin jiki, ta sha bamban da gawut mai farkar da magidanci cikin dare da zogi a babban ɗan yatsan ƙafa, ta kuma sha bamban da mutuwar ƙashin ƙugu a masu amosanin jini. Akwai kuma lufus, wadda tara cikin goma na masu ita mata ne, tana iya kai wa ga ƙoda. Kowace da maganinta. Mu kuwa mun zuba su a buhu guda mun rubuta sanyi a jiki.

Laifin ba na mai kemis kaɗai ba ne. An daɗe ana koya wa likitocinmu cewa rumatoyid cutar Turawa ce. A 1968 Brian Greenwood, wanda daga baya ya yi shekaru yana bincike a Zariya, ya rubuta daga Ibadan cewa irin waɗannan cututtuka ba su da yawa a 'yan Nijeriya, har ya yi hasashen zazzaɓin cizon sauro na iya zama dalili. A 1993 wani binciken a karkarar ƙasar Yarabawa bai samu mai cutar ko ɗaya ba. Ban ce masanan sun yi ƙarya ba. Abin da suka gani suka faɗa. Amma likitan da ya fito makaranta da cewa abu ba ya nan, ba zai neme shi ba ko yana zaune a gabansa. Da Farfesa Femi Adelowo ya zauna yana duba masu ciwon gaɓoɓi a Legas, sai ga shi a 2010 ya wallafa bayanin mutum 200 masu rumatoyid daga asibitinsa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a 2019 mutum miliyan 18 ke ɗauke da ita, kashi 70 cikin ɗari mata. Me zai sa ta tsallake matan Makera da Nasarawa?

Za a ce mini muna fama da maleriya da mutuwar mata wajen haihuwa, ina mu ina ciwon yatsa. Mai wannan magana bai taɓa ganin matar da ke ciyar da gida ta kasa ɗaura zaninta ba. Kuma maganin farko ba sabo ba ne: methotrexate da hydroxychloroquine sun yi shekaru da dama a hannun likitoci. Sharaɗinsu a fara da wuri, cikin watannin farko, ana kuma duba jini. Watannin nan su ne kalmar sanyi take cinyewa.

Abin da nake nema shi ne a yi bincike, kuma bai fi ƙarfinmu ba. Asibitin Gwamna Awan da na St. Gerard duk a Kakuri suke, Jami'ar Jihar Kaduna da asibitin koyarwarta na Barau Dikko suna hayin kogi, asibitin Shika kuma tafiyar awa ɗaya da 'yan mintoci ce. A buɗe rajista: duk wanda gaɓoɓinsa suka kumbura fiye da mako shida a rubuta shekarunsa, sana'arsa, gaɓoɓin da suka kamu, da abin da ya sha kafin ya zo. A koya wa ma'aikatan ƙananan asibitocin Narayi da Romi su riƙa tambayar tsawon lokacin da hannu ke ɗauka kafin ya saki da safe. A kuma bi dokar da ta hana sayar da dexamethasone ba takardar likita.

Goggo tana nan da ranta a Makera. Jikarta ce ke ba ta abinci a baki.