A Gana da Ɗalibi Kafin a Ba Shi Gurbin Karatun Likita

'Yan'uwana ɗalibai da iyayenmu, kusan duk wanda ke ajin kimiyya a makarantar nan, in ka tambaye shi abin da yake so ya zama, sai ya ce likita. Hanyar kuwa mun san ta. Ka ci WAEC ko NECO, ka sami maki mai yawa a jarrabawar JAMB, sa'an nan jami'a ta tace. Galibi maki ne ke magana. Ni dai a ganina maki kaɗai bai isa ya zaɓar mana likita ba. Kamata ya yi a zaunar da yaro a gana da shi baki da baki.

A Amurka haka ake yi. Can akwai wani reshen likitanci da suke kira ostiyofati, wanda wani likita mai suna Andrew Taylor Still ya kafa. Sanƙarau ya kashe masa 'ya'ya 3 a 1864, magungunan zamanin ba su tsinana kome ba, sai ya duƙufa kan nazarin ƙashi da tsoka da yadda hannu ke gyara jiki. Ya buɗe makarantarsa a garin Kirksville a 1892. Waɗanda ke fitowa daga irin waɗannan makarantu yau cikakkun likitoci ne, suna rubuta magani, suna yin tiyata, amma har yanzu ana koya musu aiki da hannu. Kafin a ɗauki ɗalibi kuwa, bayan an duba makinsa, sai a kira shi intabiyu a ji dalilin da ya sa yake son aikin, a kuma ga yadda yake sauraron mutum.

To, mu dubi gida. A Zakirai da ƙauyukan Gabasawa, in mutum ya faɗo daga babur ko amalanke ya karye, sau da yawa wurin maɗori ake fara kai shi, alhali ga asibitin ƙashi na Dala a Kano tun 1959. Akwai batun kuɗi da nisa, gaskiya ne. Amma maɗori yana gaishe ka, ya tambayi iyali, ya taɓa wurin da hannunsa, ya yi maka bayani da Hausar da kake ji. Illar ita ce wani lokaci a ɗaure kara tamau, jini ya daina gudu, hannun yaro ya ruɓe, a ƙare da yankewa. Likitan da zai janyo mutanenmu asibiti da wuri sai mai haƙuri da iya magana. Ina takardar jarrabawar da za ta auna wannan? Da ni ne, sai in sa mai neman gurbi ya bayyana wa tsohuwa, da harshenta, dalilin da za a ɗauki hoton ƙafar jikanta.

Na san abin da iyayenmu za su ce: intabiyu ƙofar "wa ka sani" ce, ɗan babban mutum mai zuba Turanci zai ture ɗan manomi. Tsoron nan yana da tushe. Sai dai Jami'ar McMaster ta ƙasar Kanada ta fito da dabara a farkon shekarun 2000. Ɗalibi yana zagaya ɗakuna da yawa, kowane ɗaki 'yan mintoci kaɗan, da tambayarsa da mai ba da makinsa dabam. Mai alfarma zai iya toshe bakin mutum ɗaya, amma ya bi dukansu ɗaki-ɗaki da wuya. Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya da Jami'ar Bayero ta Kano ba su rasa ɗakuna ba, ba su kuwa rasa malamai ba.