Ina Hotunan 'Yan Makaranta?

Jama'a, a shekarun 1950 motar majigi takan shiga ƙauye ta haska wa talakawa sinima a kan tsabta da noma. Yau ga kyamara a aljihun kowa, amma yaranmu suna haddace sunan ƙwayar cuta da ka, ba su taɓa ganin kamanninta ba. A nuna musu hoton ɗigon ruwan kududdufi ƙarƙashin madubin likita mana, a gani ko za su ƙara sha! Haka lissafi: hoton lemo an raba shi huɗu ya fi bulala koyar da rubu'i. In mun tambaya sai a ce babu kuɗi. To, da kuɗin wa aka buga fuskokin manya da suka rufe bangon makarantun? Muna sauraron Ma'aikatar Ilmi.