Carbi a Hannu, Zuciya a Kasuwa: Shawara ga Mai Koyon Addu'ar Rosari

A duk shekara idan watan Oktoba ya kama, mabiya Ikilisiyar Katolika sukan taru da maraice, waɗansu a majami'a, waɗansu a tsakar gida, domin yin addu'ar nan da ake kira Rosari. Haka abin yake a Legas da Anaca, haka yake a Jos da Kaduna da Kafanchan da Sabon Garin Kano, inda da dama suke yin ta da harshen Hausa. Al'adar keɓe wannan wata ta kankama ne tun shekarar 1883, sa'ad da Fafaroma Liyo na 13 ya umarta a riƙa yin haka. A irin wannan taro ba a rasa sababbin shiga, watau masu koyon katikisim da kuma manyan da suka daɗe ba su riƙe carbi ba. Kukansu kuwa ɗaya ne: baki yana motsi, yatsa yana ja, amma zuciya ta tsere kasuwa, ko gona, ko wurin wanda ake bi bashi.

Wannan kuka ba na wasa ba ne, gama yakan kai mutum ga ɗayan ramuka biyu. Wani sai ya yanke cewa addu'arsa ba ta karɓu ba, tun da bai iya tsai da hankalinsa ba, ya rataye carbin a ƙusa, ba ya sake waiwayarsa. Wani kuwa sai ya sallama wa shagala, ya mai da addu'ar tseren baki, burinsa kawai ya ga ƙwayar ƙarshe ya tashi. Dukansu biyu sun yi hasara, dalilin hasarar kuma ɗaya ne: sun ɗauka cewa aikin mai addu'a shi ne ya hana zuciya motsi. Alhali kuwa aikinsa shi ne ya komo da ita duk sa'ad da ta fita, carbin ma domin haka aka ƙago shi.

Ga wanda bai san abin ba, carbin Katolika ya yi kama da tasbahar da aka saba gani a hannun Musulmi, sai dai lissafinsa daban ne. Ƙwayoyinsa 59 ne, da ɗan gicciye a ƙarshen jela. Zoben ya kasu rukuni biyar, kowane rukuni yana da ƙananan ƙwayoyi goma, da babbar ƙwaya mai raba shi da na gaba. A kan gicciyen ake faɗin shahadar bangaskiya ta Manzanni, a kan babbar ƙwaya ake yin addu'ar Ubanmu, a kan kowace ƙarama ake yin gaisuwar Maryamu, sa'an nan a rufe rukunin da yabo ga Allah. Wanda ya yi zagaye ɗaya ya gai da Maryamu sau 53 ke nan, aikin da yakan ɗauki kimanin minti goma sha biyar zuwa ashirin idan ba a yi gaggawa ba.

Tarihi ya nuna cewa talakawa aka nufa da wannan addu'a tun asali. A ƙasashen Turai na zamanin da, masu zaman zuhudu sukan rera Zabura 150, amma manomi da masaƙi waɗanda ba su iya karatu ba sai su yi Ubanmu sau 150 a maimakonsu, suna ƙidaya da tsakuwa ko ƙullin igiya. Daga baya gaisuwar Maryamu ta shiga wurin. Al'adar Ikilisiya ta danganta Rosari ga Waliyyi Dominik, wanda ya rasu a 1221, ko da yake masana tarihi sun nuna cewa sannu a hankali ya haɗu cikin ƙarnuka. A shekarar 1569 Fafaroma Piyus na Biyar ya tabbatar da tsarinsa. To, abin da mutanen da suka gane shi ne, idan an ba yatsa abin ja, aka ba harshe kalmomin da ya haddace, sai zuciya ta sami sararin yin nata aikin.

Aikin zuciyar shi ne bimbini a kan abin da ake kira asirai, watau manyan al'amura na rayuwar Yesu Almasihu da uwarsa bisa ga bangaskiyar Katolika, kowane rukuni da nasa asiri. Da can guda 15 ne: biyar na farin ciki, biyar na baƙin ciki, biyar na ɗaukaka. A watan Oktoba na 2002 Fafaroma Yohanna Bulus na Biyu, wanda ya taɓa ziyartar Kaduna a 1982, ya ƙara biyar na haske, suka zama 20. Ya kuma ba da shawarar raba su a mako: na farin ciki Litinin da Asabar, na baƙin ciki Talata da Juma'a, na ɗaukaka Laraba da Lahadi, na haske Alhamis. Tun kafin wannan, a 1974, Fafaroma Bulus na Shida ya kwatanta Rosarin da babu bimbini a cikinsa da gangar jikin da babu rai.

Mai koyo yana iya jin wannan kwatanci ya ƙara karaya, amma bai kamata ba, domin manyan da ake koyi da su ma sun sha wannan fama. Waliyya Tireza ta Lisiyo a ƙasar Faransa, wadda ta rasu a 1897 tana da shekara 24, ta rubuta cewa yin Rosari ita kaɗai yana yi mata wuya ƙwarai, tana ta ƙoƙarin tsai da hankali a kan asiran amma abin yakan gagara. Ba ta bari ba. Ta ƙudurta a ranta cewa uwa tana ganin kyakkyawar niyyar 'yarta, idan kuma zuciyarta ta bushe sai ta yi Ubanmu ɗaya da gaisuwar Maryamu ɗaya a hankali ƙwarai. Wannan mace ce aka sa cikin waliyyai a 1925. Takwararta Tireza ta Abila a ƙasar Sifen, wadda ta rasu a 1582, ta yi shekaru masu yawa ba ta iya shiga addu'a sai da littafi a hannu, saboda yawon da tunaninta yake yi.

Babban malamin tauhidi Toma Akwinas, wanda ya rasu a 1274, ya warware matsalar ta fuskar ilimi. Ya ce mai da hankali a addu'a iri uku ne: lura da kalmomi don kada a yi kuskure, lura da ma'anarsu, da kuma fuskantar Allah wanda ake roƙo, na ukun nan kuwa shi ne mafifici, kuma ko wanda bai yi karatu ba yana iya samunsa. Ya ƙara da cewa idan mutum ya fara da niyya ta gaskiya, sa'an nan hankalinsa ya kuɓuce ba da gangan ba saboda raunin ɗan Adam, ladan addu'arsa bai zube ba. Abin da yake rasawa shi ne daɗin da rai yake sha a lokacin. Saboda haka wanda ya farga a ƙwaya ta bakwai cewa tun ta biyu ba ya nan, ba sai ya koma farko ba. Masu komawa farko sukan kwana a rukuni ɗaya, daga nan sai gajiya, daga gajiya sai bari.

Littafin Katikisim na Ikilisiyar Katolika, wanda ya fito a 1992, ya yi gargaɗi cewa bin sawun tunanin da ya kutso domin a kore shi faɗawa ne cikin tarkonsa. Abin da ake bukata shi ne a juyo kawai. Makiyayi ya san wannan. Idan akuya ɗaya ta ratse, ba ya barin garke ya bi ta da gudu yana zage-zage, sai ya ja igiyarta sannu ta dawo turke. Ƙwayar da ke tsakanin yatsu ita ce turken. Duk nisan da zuciya ta yi, yatsa yana nan a kan ƙwaya ta biyar ko ta shida, yana jiran mai shi ya dawo ya ci gaba daga nan.

Akwai dabaru kaɗan da suke sauƙaƙa wannan komowa. Ta fari ita ce kada mai koyo ya ɗauki kayan da suka fi ƙarfinsa. Rukuni ɗaya a rana, watau minti uku ko huɗu, ya isa mafari. Idan ya yi mako biyu ko uku a haka, sai ya ƙara na biyu. An ce sannu ba ta hana zuwa, sai dai a daɗe ba a je ba, gara goma da mutum yake ciki da hamsin da bakinsa kaɗai ya halarta.

Ta biyu ita ce niyya. Waliyyi Luwi na Monfo, wani Fada Bafaranshe da ya rasu a 1716, ya lura cewa aibi biyu ne suka fi yawa ga masu Rosari: farawa ba tare da sanin abin da ake roƙo ba, da kuma ɗokin a gama. Kafin a taɓa ƙwayar farko, ya kamata mutum ya ambaci wanda yake yi domin shi, ko mahaifiya mara lafiya, ko ɗan da ya tafi neman aiki, ko zaman lafiyar gari. Zuciyar da ta san abin da ta zo nema ba ta saurin ficewa.

Ta uku ita ce a ba zuciya abin kallo. A wasiƙarsa ta 2002, Fafaroma Yohanna Bulus ya ba da shawara a ambaci sunan asirin a fili, a dubi hotonsa in akwai, a karanta 'yan ayoyin da suka ba da labarinsa, kana a yi shiru na ɗan lokaci kafin a fara. Ba a bukatar zurfin ilimi a nan. A asiri na biyar na farin ciki, wanda yake cikin babi na biyu na Bisharar Luka, Maryamu da Yusufu sun yi kwana uku suna neman yaro ɗan shekara 12 kafin su same shi a Haikali. Duk uwar da ɗanta ya taɓa ɓace mata a kasuwa ta san yadda gaba yake faɗuwa, wannan kaɗai ya ishe ta riƙewa har ƙwaya goma. A asiri na biyu na haske, ruwan inabi ya ƙare ana tsakiyar biki a Kana, Maryamu ce kuma ta lura tun kafin asirin masu gida ya tonu. Wanda ya taɓa aurar da 'ya ya san irin wannan kunya. Abu guda tak ake ɗauka daga labarin, fuska ɗaya ko kalma ɗaya, a zauna a kansa.

Ta huɗu ita ce rage gudu. A tsakiyar gaisuwar Maryamu sunan Yesu yake, shi ne ƙyauren da addu'ar take juyawa a kai. Mai koyo ya ɗan dakata a wurin, ya ja numfashi, kana ya wuce. A waɗansu ƙasashe, musamman na masu jin Jamusanci, akan ƙara 'yan kalmomi bayan sunan masu tuna asirin da ake ciki, al'adar da ta samo tushe daga wani mai zuhudu na birnin Tiriya a ƙarni na 15, wanda ake kira Dominik na Furushiya. Mai yin haka yana tuna wa kansa inda yake sau goma a kowane rukuni.

Ta biyar ta shafi lokaci da wuri. Wanda ya bar addu'a sai ya kwanta bayan wunin aiki, barci ne zai ƙarasa masa ita. Sassafe kafin gida ya tashi ya fi, ko da yamma kafin tuwo. A ajiye wayar hannu a wani ɗaki, gama ƙararta ɗaya takan rushe abin da aka gina. Mai jin gyangyaɗi ya tashi tsaye ko ya riƙa takawa a tsakar gida. Yin ta cikin jama'a ma taimako ne babba, domin ɓangare ɗaya yana farawa, ɗaya yana amsawa, muryar maƙwabci takan komo da wanda ya yi nisa.

Saura tunanin nan mai naci, wanda ko an kore shi sau goma sai ya dawo. Ruwa ba ya tsami banza. Katikisim ya ce shagala tana nuna wa mutum abin da zuciyarsa ta maƙale a kai. Idan kuɗin makarantar yara ne yake ta kutsowa, ko rigima da ɗan'uwa, to, abin da ya fi damun mai addu'a ke nan, shi ya kamata ya kai gaban Allah. Sai ya mai da shi niyyar rukunin da yake ciki. Ta haka abin da ya zo ɓata addu'a yakan zama cikinta.

Daga ƙarshe, kada mai koyo ya auna Rosarinsa da daɗin da ya ji. Wata rana zai tashi da sanyin rai, wata rana zai tashi kamar wanda ya yi sussuka a rana. Ranar da ya komo da zuciyarsa sau talatin, ya zaɓi Allah sau talatin ke nan a kan abin da ya ja shi, ba kuwa ƙaramin abu ba ne. Amfanin yana bayyana ne a wani wuri: a haƙurinsa da iyali, a riƙe harshensa, a tausayinsa ga maƙwabci ko wane addini yake bi. Yau da gobe ita ce take sa allura ginin rijiya. Wanda ya rataye carbinsa a ƙusa saboda zuciyarsa ta cika yawo, ya sauko da shi yau, ya ja ƙwaya goma kawai. Allah ya sa a dace.