Yajin Aikin Da Bai Kai Rabin Sa'a Ba

Da tsakar daren 15 ga Fabrairun 1997, matuƙan jiragen kamfanin American Airlines suka tsunduma yajin aiki. Kafin a cika rabin sa'a, Shugaba Bill Clinton ya sa hannu a takardar kafa kwamitin gaggawa, kowa ya koma bakin aikinsa. Duk lokacin da na ji ana cewa ma'aikacin Amurka na da cikakken 'yancin yajin aiki, wannan daren nake tunawa.

Dokar da ta ba Clinton wannan iko an yi ta ne a 1926 domin ma'aikatan jiragen ƙasa, aka shigar da na jiragen sama ƙarƙashinta a 1936. A tsarinta, yarjejeniyar aiki ba ta mutuwa. Wa'adin yi mata kwaskwarima ne kawai ke zuwa. Idan tattaunawa ta cije, hukumar sasanci ta tarayya za ta shiga tsakani, kuma ita ce ke da ikon cewa an kai maƙura, ko da bayan shekaru ne. In ta sallami ɓangarorin, sai a jira kwana 30. Shugaban ƙasa na iya ƙara wasu 60. Bayan duk wannan, majalisa na iya ƙaƙaba yarjejeniya, kamar yadda ta yi wa ma'aikatan jiragen ƙasa a Disambar 2022.

Wa wannan jinkiri ke yi wa rana? Muddin ana zaman teburi, tsohon albashi ake biya, tsadar rayuwa kuwa ba ta jiran kowa. Matuƙin kuma ba shi da damar yin fushi ya koma wani kamfani, domin matsayinsa da jirgin da zai tuƙa da ranakun hutunsa duk sun rataya ne a kan daɗewarsa a wurin. Kyaftin mai shekara 20 da ya sauya sheƙa, daga ƙasan layi zai faro.

Ban raina hujjar ɗaya ɓangaren ba. Akwai maras lafiyar da ke jiran jirgi, akwai ɗan kasuwar da kayansa za su lalace. Mu malaman jami'a da muka shafe wata 8 a gida a 2022 mun san yadda yajin aiki ke faɗa wa wanda bai ci ba bai sha ba. Sai dai namu ɗalibi ya fi ji a jikinsa, na matuƙa kuwa aljihun kamfani yake taɓawa tun ranar farko, shi ya sa ake tsoronsa.

A Maris ɗin 2023 matuƙan Delta sun samu ƙarin kashi 34 cikin ɗari na tsawon shekara huɗu, ba tare da sun ajiye aiki ba. Wasu na kafa hujja da wannan cewa dokar na aiki. Ni a ganina ƙarancin matuƙa bayan annobar korona ne ya yi musu aikin, tare da ƙuri'ar amincewa da yajin aiki da kusan dukkansu suka kaɗa. Ma'aikatan ɗaukar kaya da masu hidimar fasinja ma wannan dokar ce ke ɗaure da su, su kuwa ba a ɗaukar shekaru kafin a horar da madadinsu.