Na'urar Ƙirga Ƙwayoyin Jini Tana Bukatar Hannunmu

'Yan'uwana 'yan makaranta, in aka tambaye mu abin da muke so mu zama, yawancinmu likita muke cewa. Da wuya a ji mai cewa yana son aikin ɗakin gwaje-gwaje. Ni a ganina wannan kuskure ne, kuma ga dalilina.

Akwai wata na'ura da ake kira fulo saitomita. Akan ɗebi jini kaɗan, a sa masa rini mai ƙyalli, sa'an nan a tura ƙwayoyin halittar da ke cikinsa su wuce ta gaban hasken lesa ɗaya bayan ɗaya, kamar yadda muke shiga aji a layi. Yadda hasken ya warwatsu shi ke nuna girman ƙwayar da irin abubuwan da ke cikinta. Rinin kuwa yana iya nuna yawan DNA da ke cibiyarta. Dubbai take ƙirgawa cikin daƙiƙa guda. Wani masani a Jamus, Wolfgang Göhde, shi ya ƙera irin mai aiki da ƙyalli a 1968.

To, ina ruwan mutumin Sabon Tasha da ita? Da irinta ake ƙirga ƙwayoyin CD4, masu tsaron jiki. Mai lafiya yakan sami 500 zuwa 1,500 a mikrolita ɗaya ta jini. In mai cutar ƙanjamau ya sauka ƙasa da 200, yana cikin haɗari. Da ita kuma ake bambance irin sankarar jinin da ta kama mutum, don a san maganin da ya dace.

Da yawa daga cikin waɗannan na'urori sun shigo asibitocin Nijeriya ne ta shirin PEPFAR na Amurka, wanda aka kafa a 2003. A watan Janairu na 2025 gwamnatin Amurka ta dakatar da tallafin ƙasashen waje, aikin ya girgiza. Hausawa sun ce zanen aro ba ya rufe katara.

Saboda haka ina roƙon iyayenmu, kada su raina yaron da ya zaɓi aikin gwajin jini ko gyaran na'urorin asibiti. Likita ba ya ganin cikin ƙwayar jini da idonsa, sakamakon ɗakin gwaji yake jira. Mu kuma mu riƙe Fiziks, Kemistiri da Bayoloji da kyau, domin duk ukun suna cikin wannan na'ura guda. Ran da ta lalace a Kaduna, ya kamata a sami ɗan gida da zai buɗe ta ya gyara.