Sunayen Karnuka: Adabin da Muka Yi Wa Riƙon Sakainar Kashi

Bahaushe ba ya yanka wa kare ragon suna, amma ba ya raɗa masa suna a banza. Mafarauci yakan dubi launin karensa ya ce Duna, ko ya dubi zafin namansa ya ce Damisa. Mafi armashi su ne sunayen habaici. Wanda maƙwabta suka dama da tsegumi sai ya sa wa karensa Ba-ruwanka ko Ƙyale-su. Duk sa'ad da ya ƙwala masa kira saƙo ya isa, kuma ba mai kai shi ƙara gaban mai unguwa. Kyanwa kuwa ba kasafai take samun suna ba, sai dai a kira ta da "mus-mus".

Yau a birane sai Bingo da Taiga. A ganina wannan asara ce. Mun tattara karin magana da kirari da tatsuniyoyi, mun bar wannan reshe. Ina roƙon malamanmu su karɓe shi cikin batutuwan kundin digiri, mu kuma ɗalibai mu nemi dattawan mafarauta a lokacin hutu, tun ƙasa ba ta rufe idanunsu ba.